Hoto bai nuna karaya ba, amma wuyan hannun bai daina ciwo ba

Abban_Sadiya:

Assalamu alaikum. Ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure, shawara nake nema a kan ƙanena. Shekararsa 24, ɗan acaɓa ne. Kusan mako biyu ke nan ya faɗi daga kan babur, ya dafa ƙasa da tafin hannun dama. A ranar aka kai shi wani ƙaramin asibiti aka ɗauki hoto, aka ce babu karaya, targaɗe ne kawai. Suka naɗa masa bandeji, suka ba shi maganin ciwo. Kumburin ma ba wani mai yawa ba ne, kuma ya saɓe, yatsunsa duk suna motsi. Amma har yau in zai murɗa totur, ko ya ɗauki buta cike da ruwa, ko ya dafa ƙasa zai taso daga sujada, sai ya ji zafi a gindin babban yatsa, wajen wuyan hannu.

Manya a gida sun ce a kai shi wurin mai ɗori ya ja hannun, wai ƙashi ne ya goce. Ni kuma ina ganin tunda hoto bai nuna komai ba, me za a ja? Zai yiwu a samu karaya hoto bai gani ba? In zai yiwu, me za mu ce a yi masa idan mun koma asibiti? Kuma ya ci gaba da aiki ko ya ajiye mashin?

Likitan_Ƙashi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malam Abban Sadiya, kada a ja hannun nan, kuma ya jingine mashin tukuna. Saurayi ya faɗi a kan tafin hannu, kumburi kaɗan, hoton farko tsaf, ciwo a gindin babban yatsa ya ƙi tafiya: duk likitan ƙashin da ya ji wannan, karayar wani ɗan ƙashin wuyan hannu mai suna sikafoyid zai fara zargi, kuma a matsayin mai karaya za a ɗauke shi har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Wuyan hannu ba gaɓa ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a sahu biyu, huɗu-huɗu, tsakanin dogayen ƙasusuwa biyu na sangalin hannu da ƙasusuwan tafi. Sikafoyid yana ɓangaren babban yatsa, kuma shi ne ya ratsa tsakanin sahun biyu, shi ya sa idan wuyan hannu ya lanƙwashe baya da ƙarfi nauyin a kansa yake ƙarewa. Cikin takwas ɗin nan babu wanda ya kai shi yawan karyewa. Tsagar kan zama siririya, ƙashin kuma a karkace yake zaune, don haka hoton ranar farko yakan fito lafiya lau. Bayan kwana 10 zuwa 14 jiki ya ɗan cinye bakin tsagar, layin ya ƙara faɗi, sai ya bayyana. Ke nan yanzu ne daidai lokacin sake hoton.

Kafin ku tafi za ka iya gwada abu uku a hankali, kana kwatantawa da hannun hagu. Ya ɗaga babban yatsa sama, za ka ga wani ɗan kwarmi ya fito a gindinsa tsakanin jijiyoyi biyu, ka danna nan. Sannan ka juyo tafin hannun, ka danna ɗan tudun ƙashin da ke gindin tsokar babban yatsa, daidai zanen wuyan hannu. Na uku ka kama babban yatsan ka tura shi ciki, a miƙe, wajen wuyan hannu. Idan biyu ko duka ukun sun yi zafi, zargin ya yi ƙarfi. Idan ba su yi ba ma, ciwon mako biyu ya isa dalilin komawa.

A asibiti ku ce ana zargin sikafoyid, domin hotonsa daban yake da hoton wuyan hannu na yau da kullum. Ana ɗaukarsa ta fuska 4, ɗaya daga ciki da hannu a karkace wajen ƙaramin yatsa don ƙashin ya miƙe a gani. Ku tafi da hoton farko. Idan na biyun ma bai nuna ba amma ciwon na nan, sai a nemi babban hoto: na MRI ne ya fi gano ɓoyayyiyar tsaga, na CT kuma ya fi nuna ko ƙashin ya matsa daga mazauninsa. Waɗannan sai manyan asibitoci, irin su asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, kuma ga asibitin ƙashi na Dala ga wanda ke kusa da Kano. In kuɗin babban hoto ya gagara, hanyar da aka saba ita ce a sa POP, wato farin ɗaurin asibiti mai daskarewa, kamar mai karaya, a sake dubawa bayan mako biyu. Gara ya zauna da POP ba karaya a kan ya yi yawo da karaya ba POP.

Abin da ya sa muke tsananta wa ɗan ƙashin nan shi ne jininsa. Mafi yawan jinin da ke ciyar da shi ta ƙarshen da ke wajen yatsu yake shiga, sannan ya gangaro baya ta cikin ƙashin. Idan ya karye a tsakiya, inda ya fi karyewa, rabin da ke wajen sangali yana iya rasa jini. Sai ya ƙi haɗewa, ko ma ya mutu. Idan aka wuce wata guda ba a tsare shi ba, haɗarin ƙin haɗewa yana ƙaruwa sosai. Yaudararsa kuma ita ce ciwon yakan lafa, mutum ya ɗauka ya warke, bayan wasu shekaru guringuntsin gaɓar ya zaizaye, riƙo ya yi rauni, wuyan hannu ya ƙage. A lokacin aikin ya zama babba, har sai an ciro ɗan ƙashi daga ƙugu ko sangali an cike gurbin.

Idan karayar ba ta matsa ba, POP ne daga ƙasan gwiwar hannu na mako 6 zuwa 8, wani lokaci har 12, gwargwadon abin da hoto ya nuna. Idan ta matsa fiye da milimita 1, ko kuma a ƙarshen da ke wajen sangali take, an fi son tiyata a sa sukuru guda da ke nutsewa gaba ɗaya cikin ƙashin. In yana shan sigari ko shisha ya dakata, domin suna rage jinin da dama can bai wadata ba.

Batun gocewa da manya suka kawo: gocewar wuyan hannu ta gaskiya akwai ta, wadda ƙashin lunet, ɗaya daga cikin takwas ɗin nan, ke fita daga gurbinsa ko sauran ƙasusuwan su zame su bar shi. Amma ba haka take zuwa ba. Kumburi ne mai yawa, wuyan hannu ya ƙi motsi, yatsu su tsaya a ɗan lanƙwashe, sau da yawa babban yatsa da manuni da na tsakiya su sage saboda an danne jijiyar ji. A hoton gefe ake ganinta, kuma ana yawan kuskure ta. Ita a ranar ake mayarwa da allurar kashe zafi ko ta barci, a biyo da tiyatar gyara igiyoyin gaɓar da suka tsinke. Ja a kan tabarma ba ya mayar da ita. Shi kuwa sikafoyid da ya tsage bai matsa ba, ja da murɗawa na iya raba shi biyu, mai buƙatar POP ya koma mai buƙatar tiyata.

Mai_POP:

Likita ya gama da ƙashi, ni kan ɗauri zan tsaya don shi ne aikina. Abban Sadiya, ko ba don ƙanenka ba ka riƙe wannan, domin da yawa daga hannayen da ake yankewa bayan karaya a ƙasar nan ba karayar ce ta ci su ba, matsi ne.

Kumburi yana ci gaba da hawa har kwana 2 zuwa 3 bayan rauni. Tsokar sangalin hannu kuma a cikin wata tantani mai tauri take, wadda ba ta buɗewa. In aka jera kara ko 'yan sanduna kewaye da hannu aka tamke da tsumma tun ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya danne ƙananan hanyoyin jini. Tsokar da ta yi kamar awa 6 babu jini ta fara mutuwa, kuma ba ta dawowa. Ƙarshenta ko dai hannu ya ƙanƙance yatsu su ƙudundune har abada, abin da wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana a 1881 har aka sa wa ciwon sunansa, ko kuma ya ruɓe a yanke. Yara ne suka fi shiga wannan. A yi adalci kuma: POP ɗin asibiti da aka kewaye hannu da shi kan sabon kumburi, shi ma haka zai yi. Kuma gaskiya ne karaya da yawa suna haɗewa a hannun masu ɗori, tunda ƙashi da kansa yake haɗewa in ya samu hutu. Abin da babu a can shi ne hoton da zai nuna yadda ya zauna, da wanda zai kwance ɗaurin da tsakar dare.

Shi ya sa a sabon rauni rabin POP ake sawa, wanda bai kewaye hannun duka ba. Ga yadda ya kamata ku ga an yi. Kafin komai a cire zobe, agogo da awarwaro, da sabulu ko da zare, in ya ƙi a yanke shi, don zobe a kumburarren yatsa yana iya kashe yatsan. A naɗa auduga ninki biyu, a ƙara a kan tudun ƙashin da ke ɓangaren ƙaramin yatsa. A ninka filastar POP mai faɗin santimita 10, ko 15 ga mai kaurin hannu, ninki 8 zuwa 10. Ruwan jiƙawa na famfo ne ko mai ɗan ɗumi kaɗan, banda mai zafi, saboda filastar da kanta tana fid da zafi lokacin da take daskarewa, in aka haɗa da ruwan zafi tana ƙona fata. Da tafin hannu ake shafe ta, ba da kan yatsu ba, don duk inda yatsa ya lotsa ta nan ne gyambo zai fito. Ta fara daga kamar faɗin yatsu biyu ƙasa da lanƙwasar gwiwar hannu, ta tsaya a zanen tafi da ke kusa da yatsu. In ta wuce nan ta rufe gindin yatsu, a gyara, mutum ya iya dunƙule hannu. Bayan mako ɗaya ko kwana 10, kumburi ya sauka, sai a mayar da ita cikakkiya.

Alamar haɗari ta farko ciwo ne, ba canjin launi ba. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wanda magani ba ya taɓawa, musamman in aka miƙar masa da yatsu ya yi ihu. Bayansa sai sagewa da tsira-tsira kamar allura, yatsu su yi sanyi, su yi fari ko shuɗi, su kasa motsi. Kada a ce ai ana jin bugun jini a wuyan hannu, bugun yakan ci gaba alhali tsoka tana mutuwa. Ana danna farce ya yi fari a saki, jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. Mai lalle a farce sai a danna tsokar kan yatsa inda lallen bai kama ba. Da an ga waɗannan a nufi asibiti ko ƙarfe nawa ne. A can za a tsaga POP ɗin daga sama har ƙasa, har da audugar, sai an ga fata, domin audugar da ta sha jini ta bushe ita ma matsewa take yi. A wannan halin a ajiye hannun daidai ƙirji, kada a ɗaga shi sama sosai.

In babu waɗannan alamu, kwanaki ukun farko hannu ya zauna sama da ƙirji a kan matashi. POP yana yin tauri cikin 'yan mintoci amma bushewarsa sosai sai kwana biyu, kada a dafa shi kafin nan. Ruwa yana lalata shi, a rufe da leda in za a yi wanka. Batun alwala malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, sai dai da danshin hannu za a shafa, ba a kwara ruwa ba. Lokacin zafi ƙaiƙayi zai dame shi, kada ya cusa tsinken tsintsiya ko biro. Wari, ruwa mai fitowa, ko wuri guda da ke zugi kamar wuta, gyambo ne a ciki, a koma a buɗe.

Na sikafoyid mu mun saba haɗawa da babban yatsa a ciki, har zuwa gaɓarsa ta ƙarshe.

Likitan_Ƙashi:

Madalla da wannan bayani, Malam. Kan babban yatsan kawai zan ɗan saɓa maka. An daɗe ana haɗa shi, har yanzu ma wurare da dama haka suke yi, amma gwaje-gwajen da aka yi kan karayar tsakiya da ba ta matsa ba ba su nuna ya fi saurin haɗewa ba in an rufe yatsan. Abin da ke da muhimmanci wuyan hannun ya tsaya cak. Barin yatsan a waje yana ba mutum damar rubutu da cin abinci. Duk wanda likitansa ya zaɓa ba laifi ba ne.

Umman_Hanif:

Sannunku da ƙoƙari. Likita don Allah nima a taimaka min. Mahaifiyarmu, shekararta 63, ta zame a banɗaki, wuyan hannunta ya karye har ya karkace. An yi mata allura an gyara, an sa rabin POP, hoton bayan gyaran an ce ya yi kyau. Amma sun ce mu dawo bayan mako ɗaya a sake hoto, bayan mako biyu ma haka. Tunda ya zauna, hoton na mene ne? Kuɗin ba kaɗan ba ne.

Likitan_Ƙashi:

Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Ku daure ku yi hotunan nan biyu, sun fi na ƙarshen ma amfani.

Tata ita ce karayar ƙarshen rediyas, babban ƙashin sangali na ɓangaren babban yatsa, kamar santimita 2 zuwa 3 daga gaɓa. Guntun yakan tuntsura ta baya, hannu ya yi siffar cokali mai yatsu in an kalle shi ta gefe. Abraham Colles, likita a Dublin, ya bayyana ta a 1814, tun kafin a san hoton ƙashi. A tsofaffi bayan ƙashin ba tsagewa kawai yake yi ba, murƙushewa yake yi, don haka in an ja an daidaita akwai gurbi a baya da babu abin da ya tokare shi. Kumburi na sauka POP ya yi sako-sako, sai guntun ya sake sulalewa a hankali, ba tare da wani sabon ciwo ba. A makonni biyun farko hakan ke faruwa, kuma a lokacin ne ake iya sake gyarawa ko a yanke shawarar sa waya ko ƙarfe. In aka kai mako 3 ƙashin ya fara kamawa, yadda ya zauna haka zai warke.

Abin da ake aunawa a hoton: kada ƙashin ya gajarce fiye da milimita 3 zuwa 5, kada fuskar gaɓar ta kalli baya fiye da digiri 10, in kuma tsagar ta shiga cikin gaɓa kada tudun da ke tsakanin guntayen ya kai milimita 2. Ga matashi mai aikin ƙarfi muna tsayawa kan waɗannan. Ga dattijuwa ana sassautawa, don da yawa suna amfani da hannunsu lafiya ko da ya ɗan karkace a ido. POP gaba ɗaya mako 5 zuwa 6 ne.

Abu biyu kuma. Faɗuwa daga tsaye bai kamata ta karya ƙashi mai lafiya ba, saboda haka a macen da ta daina al'ada wannan alama ce ta raunin ƙashi. Ku tayar da maganar a asibiti a duba ta, a kuma gyara santsin banɗakin da haskensa, don karayar ƙugu ake gudu a gaba. Na biyu, in bayan wasu makonni ta wayi gari ba ta iya ɗaga kan babban yatsa, jijiyar da ke jansa ce ta tsinke a inda take goga ƙashin. Ana gyarawa da tiyata, kada a ce shanyewa ce a zauna. Maganin ciwo kuwa farasitamol gram 1 duk awa 6, kada ya wuce gram 4 a yini. Su ibufurofen da dikilofenak a shekarunta sai da izinin likita, musamman in akwai gyambon ciki, hawan jini ko ciwon ƙoda.

Mai_Gashin_Ƙashi:

Ƙashi yakan haɗe, hannu kuma ya ƙi aiki, kuma mu ake turo wa irin waɗannan. Umman Hanif, tun yau Mama ta fara motsa duk abin da POP bai rufe ba. Ta miƙe yatsu sarai, ta lanƙwasa gaɓoɓin sama kawai gindi na miƙe, ta lanƙwasa gindi kawai sama na miƙe, ta dunƙule gaba ɗaya, sannan babban yatsa ya taɓa kan kowane yatsa. Kowanne sau 10, aƙalla sau 5 a yini, ta haɗa da lokutan salla don kada ta manta. Wannan motsin ne ke kore kumburi ya hana jijiyoyi mannewa. Ta riƙa ɗaga hannun sama da kai tana miƙe gwiwar hannu. Majanyin rataya hannu a wuya na kwanakin farko ne kawai, tsohuwar da ta yi wata guda da shi kafaɗarta ce za ta ƙage, kuma kafaɗa ta fi wuyan hannu wuyar saki.

Gasa sabon rauni da ruwan zafi da murza shi da man zafi ƙara kumburi suke yi. A kwana biyu ko ukun farko ƙanƙara ce a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20. Ɗumi sai bayan an cire POP: a jiƙa hannu a ruwa mai ɗumi minti 10, a shafa man kaɗanya don fatar ta bushe, sannan a lanƙwasa wuyan hannu gaba da baya, a juya tafi sama da ƙasa gwiwar hannu na manne da haƙarƙari, in ba haka ba kafaɗa ce za ta yi aikin. Kada wani ƙaƙƙarfa ya kama ya banƙare da ƙarfi. Daka, wanki mai matsewa da ɗaukar bokiti sai kamar wata 3 daga ranar karaya, kuma ƙarfin riƙo yakan ci gaba da dawowa har shekara. In hannun ya koma zugi, fata tana sheƙi, tana gumi ko sauya launi, ko taɓawar mayafi ma zafi take yi mata, a sanar da wuri, ciwon jijiya ne da ke bin karaya kuma jinkiri na ƙara masa tauri.

Karayar tafi da yatsu dokarta ta fi tsanani. Ba a son tsare su fiye da mako 3 zuwa 4, ko da hoto bai nuna haɗewa sosai ba, domin hoton yana baya da abin da ke faruwa a ƙashin. Kuma ba a ɗaure hannu a shimfiɗe a kan katako. Wuyan hannu ya ɗan ɗaga baya digiri 20 zuwa 30, gindin yatsu a lanƙwashe digiri 70 zuwa 90, gaɓoɓin sama a miƙe. A haka igiyoyin gaɓa suke a miƙe, ba za su gajarce ba. Wanda ya naushi bango ko mutum ya karya wuyan ƙashin tafi na ƙaramin yatsa, lanƙwasar da ta kai digiri 40 ma ana iya bari, amma a manuni da na tsakiya kaɗan ake yafewa. Abin da ba a yafewa ko kaɗan shi ne murɗewa: ya dunƙule hannu a hankali, in wani yatsa ya hau kan ɗan'uwansa, sai an gyara. In kuma akwai ɗan rauni a kan tudun naushin daga haƙorin mutum, ya faɗi gaskiya a asibiti. Haƙori yana kaiwa cikin gaɓa, wankewa da maganin ƙwayoyin cuta yake buƙata a ranar, ba ɗinki ba.

Golan_Unguwa:

Likita, mu masu tsaron gida fa? Ƙwallo ta bugi kan yatsana na zobe, gaɓar ƙarshe ta langaɓe. In na ɗaga ta da ɗaya hannun tana miƙewa, in na saki ta faɗi. Ba ciwo sosai. Abokai sun ce gocewa ce a ja.

Likitan_Ƙashi:

Ba gocewa ba ce, ɗan'uwa, gaɓar da ta goce ba ta miƙewa ko an ɗaga ta. Jijiyar da ke ɗaga kan yatsan ce ta tsinke, ko ta ɓantaro ɗan ƙashi. Ka yi hoto: in ɓantaren ya wuce kashi ɗaya cikin uku na fuskar gaɓar, ko gaɓar ta zame, za a duba yiwuwar tiyata. In ba haka ba, ɗan takalmin yatsa za a sa ya riƙe gaɓar ƙarshe kaɗai a miƙe, ta tsakiya tana motsi, mako 6 zuwa 8 dare da rana, sannan mako 2 da dare kawai. In za ka wanke, ka kwantar da yatsan a kan tebur, ka zare takalmin, ka goge, ka mayar ba tare da ya lanƙwashe ba. Ya faɗi sau ɗaya, lissafi ya koma farko.

Gocewar da kuka fi samu ta gaɓar tsakiya ce. Ko an mayar a fili a yi hoto daga baya, don sau da yawa akwai ɓantaren ƙashi. In ta zauna daram, a haɗa yatsan da maƙwabcinsa da filasta mai manne mako 2 zuwa 3, a sa ɗan bandeji a tsakaninsu, a bar gaɓoɓin a buɗe ana motsawa. Kaurin gaɓar yakan kai watanni kafin ya sauka. Ta gindin manuni ko ta gindin babban yatsa kuwa kada a ja ta a fili, jan yana iya tura tantanin gaban gaɓar ya maƙale tsakanin ƙasusuwan, daga nan sai an buɗe da tiyata za ta koma.